Talotalon da Ya Riga Kowa Cika Ciki

"Lafiya lau, amarya. Ina gajiyar hanya?"

"Ba gajiya, angona. Ya ƙafar taka?"

"Tana nan, ta fi taki sauri."

"Madalla. Ina naman?"

Modibbo ya yi kamar bai ji ba. Ya ci gaba da tufka igiyarsa a bakin angareb, gadonsa na saƙar igiya, yana tambayar jikarsa Barira lafiyar mijinta, da lafiyar maƙwabta, da ta maƙwabtan maƙwabta. Ranar cika-ciki ce, an gama yankan riɗi a gonakin Gadarif, kuma a gidansa dangi za su taru da magariba a sha ruwa a ci a ƙoshi. Bana har da uwar mijin Barira, Hajiya Hawwa, wadda za ta hawo lori takanas daga Ƙala'at an-Nahal.

Tun farkon damina Barira ta kawo wa kakanta ɗan talotalo ya riƙe mata. Mijinta Lawali ne ya samo shi a babbar gonar da yake tuƙa taraktor. Yarinyar nan kuwa bakinta ya riga ta gaba, ta cika shi a gaban surukarta cewa za ta gasa tsuntsun a dunƙule, cikinsa cike da ganyaye masu ƙanshi, yadda ta ga ana yi a gidan mai gonar. Jiya ta aiko da ƙunshin ganye da saƙo. Abin da ba ta sani ba shi ne, tsohon ba ya son a yanka tsuntsun nan ko kaɗan, kuma tun jiyan yake laluben hanyar kuɓutar da shi.

"Na ce ina naman? Nagoggo mai furun ya ce in kai masa naman a siniya kafin azahar ya gasa, in wuta ta mutu ba ruwansa."

Kafin tsohon ya buɗe baki, sai ga talotalon ya ɓullo daga bayan rumbu. Ya baje wutsiya, yana jan fukafukai a ƙasa, wuyan nan ja wur. Ya tako a hankali ya tsaya jikin angareb, ya ƙare wa Barira kallo sama da ƙasa.

"Inna lillahi. Wannan kuma fa?"

"Gaishe shi mana. Basha ke nan."

"Har da suna? Ni da na zaci zan tarar da shi a fige."

"A fige, da sanyin safiyar nan? Ke dai ba a haife ki da tausayi ba. Haka uwarki ta gaya mini."

"Ina ganyen da na aiko jiya?"

"Yana inda kika ce a sa shi."

"Cewa na yi a cika masa ciki da shi."

"To matso ki taɓa ki ji. Da na'ana'a ya fara, ya bi da kazbara. Shabat ɗin ne ya ɗan yi wa yanga, sai da na haɗa masa da tsakin dawa. Tafarnuwa kam ya ƙi, wai zai yi baƙi yau."

Barira ta dire kwandon da ke kanta, ta riƙe ƙugu.

"Mahshi nake nufi, ya zol, mahshi. A yanka, a fige, a wanke ciki, sannan a cusa ganyen a ɗinke."

"Direban da kika aiko bai ce mini mahshi ba. Cewa ya yi a cika ciki, kuma yau cika-ciki. Ni tun ina yaro a bayan shanu, in aka ce a cika wa dabba ciki, ta baki ake bi. A wace ƙasa ake bi ta baya?"

"A ƙasar da mutane suka waye."

"Ku 'yan birni, Larabci ya cinye muku Hausa, Hausa ta cinye muku Larabci, kun tsaya a tsakiya kuna aika saƙon da ko aljani ba zai gane ba."

"Aljani ya gane. Tsoho ne bai gane ba. Ni dai na yi asarar miji, wallahi. Aka ce mini mai garke na aura, na zo na tarar garken duka tsuntsu ɗaya ne, shi ma hancinsa na reto."

"Wannan hancin ya fi na Lawali tsari. Mutumin da ya ƙwace mini ke da ƙarar taraktor, in ya shigo gida sai kaji su yi atishawa don warin mai."

"Shi dai yana da haƙora."

"Nawa na ba su hutu ne, sun yi aikin da nasa ba za su taɓa yi ba. Na ci naman sa a Fashaga tun ubanki yana rarrafe."

"To sake ni in huta."

"Na sake ki tun bara, kika ƙi tafiya. Kullum kina nan kina leƙa tukunyata."

"Tukunyar da ni nake cikawa? Tashi ka kamo mini shi, rana tana yi."

"Ba zai yiwu ba. Azumi yake."

"Mai azumin da ya cinye mini kazbara?"

"Sahur ya yi."

Dariya ta ƙwace wa Barira, ta toshe baki da gefen tobin da ta lulluɓa da shi. Modibbo ya ji daɗi, ya ce a ransa in dai tana dariya akwai sauran dama. Amma ta share ido, ta ɗaga kai ta dubi inda rana ta kai, fuskarta ta canja.

"Kaka, da gaske nake. Bari in leƙa in kira Mahmudu mahauci ya zo da wuƙarsa."

Ba ta cika ce masa Kaka ba sai magana ta zama magana. Igiyar ta tsaya a hannunsa.

Gaskiyar ita ce, tun shekarar da taraktoci suka nome burtali, aka wayi gari ba inda saniya za ta sa ƙafa sai gonar wani, ya sayar da shanunsa ya shigo gari ya zauna. Tun daga lokacin babu wani mai rai da ya ƙara bin bayansa. Igiya ma tufka ta kawai yake don hannu ya saba, ba abin ɗaurewa. Sai ga wannan mummunan tsuntsu ya zo ya koyi tarinsa. In ya yi gyaran murya da asuba sai tsuntsun ya amsa daga bayan rumbu, in ya tafi masallaci ya raka shi har bakin zaure ya tsaya jira. Abin kunya ne dattijo kamarsa ya shaƙu da talotalo, ya sani, amma ya shaƙu.

"Yana bina, Barira," ya ce a hankali. "Na daɗe ba a bi ni ba."

Ta zauna a ɗaya gefen angareb, tana kallon tsuntsun yana tsattsagar bakin takalmin kakanta.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Ta miƙe ta ɗauki kwandonta. "Kalas, shi ke nan, a bar shi. Zan bi ta kasuwa in sayi kaji. In Hajiya ta tambaya, sai in ce kyanwa ta kama shi."

Ta faɗa da murya sake, amma Modibbo ya ga yadda ta ciji leɓe. Shekararta ta farko ke nan a gidan miji, kuma wannan ne karo na farko da surukarta za ta ci girkinta a gaban dangin ɓangare biyu. Matar ta biyo doguwar hanya a bayan lori, ta kuma riga ta gaya wa mutanen garinsu abin da za ta je ci. Kunya ta kama tsohon, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi a bayan kunne. Ya yi tsaki da ƙarfi don kada ta gane.

"Kyanwa? Wace kyanwa ce a Gadarif za ta iya da Basha? Ko ƙarya ba ki iya ba. Kuma a ce matar Modibbo ta yi alkawarin talotalo ta kawo kajin kasuwa masu ƙashin tsintsiya? Ajiye kwandon nan."

"Ai ka ce azumi yake."

"Matafiyi ne, an ɗauke masa."

"To in kira Mahmudu?"

"Mahmudun da wuƙarsa sai ta roƙi albasa kafin ta yanka? Abin da na kiwata ba mai sa masa wuƙa sai ni. Ɗebo mini ruwa a kwano, ya sha tukuna. Ke kuma ki juya baya, ba na son 'yan kallo."

Ta ɗebo. Ya tsuguna ya riƙe kwanon har tsuntsun ya sha ya ƙoshi, yana shafa masa baya yana faɗa masa wasu maganganu da Fulatancin da ya rage masa a baki. Sannan ya ɗauke shi suka zaga bayan rumbu. Bai daɗe ba ya fito, ya wanke hannu a bakin randa, ya daɗe yana wankewa fiye da yadda hannu ke buƙata.

"To yanzu da me zan cika cikin?" in ji Barira, tana zuba ruwan zafi a babban kwano. "Angona ya yi sadaka da ganyena."

"Ɗaga jiƙaƙƙen buhun da ke ƙarƙashin randa."

Ta ɗaga. Ga na'ana'a da kazbara da shabat a lulluɓe, kore shar, fiye da rabin abin da ta aiko.

"La ila. Ashe ka gane saƙon sarai."

"Kunnena ne ya tsufa, kaina yana nan."

"Tsohon ɓarawo."

"Ɓarawon da ya ajiye miki rabi? Ki nemo irinsa a kasuwa ki gani."

Ya koma angareb ya ba ta baya, wai barci zai yi. Barci kuwa bai hana shi ba da umarni ba. Ta fige, ta wanke, ta goge tsuntsun ciki da waje da gishiri da lemun tsami. Ta daka tafarnuwa da barkono, ta kwaɓa da man shanu, ta ɗaga fatar ƙirji ta tura da yatsu. Ta yayyanka albasa da ganyen, ta cusa har cikin ya cika.

"Kin cika gishiri, daga nan nake ji."

"Da baya kake gani?"

"Kada ki danna da yawa, ba buhun riɗi ba ne. Ki ɗaure ƙafafun, in ba haka ba zai shure Nagoggo."

"Mai barci dai ya yi barcinsa."

Ta ɗinke, ta ɗaure, ta ɗora a siniya ta rufe, ta kai furun ana shirin kiran azahar. Ba ta dawo da wuri ba, Modibbo ya ɗauka hira ta tsaya yi.

Da magariba tsakar gida ta cika. Aka sha ruwa, aka yi salla, aka shigo da siniyar, ƙanshi ya riga ta isowa. Tsuntsun ya yi ja, fata tana ƙyalli, da aka farke ɗinkin sai tururin na'ana'a ya tashi. Hajiya Hawwa ta ci, ta ƙara, ta kira Barira ta riƙe hannunta tana sa mata albarka a gaban kowa. Modibbo yana ji daga inda ya keɓe a gindin darbejiya, ransa ya yi fari. An ajiye masa cinya guda a kwano, ya rufe ta da faifai ya tura gefe. Dabino kawai ya ci, cikinsa yana ta ƙugi.

Can sai ga Barira da ƙwarya a hannu.

"Angona, yau cika-ciki. Wanda ya kwana da yunwa yau, haka zai ƙare shekara. So kake a ce na bar mijina ya bushe?"

"Na ƙoshi."

"Ƙarya kake, tun daga can nake jin cikinka yana kiran salla."

Ta durƙusa ta buɗe. Asida ce, tuwon dawa mai zafi, an kwarara mata nonon shanu mai kauri, man yana yawo a sama. Ya kai hanci, ya gane na yau ne, daga hannun masu shanu da ke sauka can bayan kasuwar dabbobi. Ashe can ta tafi da ta bar furun, a tsakiyar rana, da azumi a bakinta.

"Na san ba za ka ci shi ba," ta ce.

Modibbo ya sunkuyar da kai a kan ƙwaryar har sai da idonsa ya washe. Sannan ya yi dariya, ya sa hannu.

"Kin ci ni, amarya. Na mayar da ke ɗakinki." Ya haɗiye loma, ya nuna wajen siniyar da haɓa. "Ya yi daɗi?"

"Ko ƙashi ba su bari ba."

"To in sun tambaya, ki gaya musu kiwon Modibbo ne."