Girkin Lafiya da Jika a Gefe, da Gishiri a Haɓar Zani

Ke da aka haɗa miki tukunya da ɗan shekara biyu a lokaci guda, matso kusa. Ban yi boko mai nisa ba, ajin manya na shiga na wata tara, amma na ciyar da 'ya'ya bakwai kuma babu wanda ya taɓa kwana da yunwa. In kika bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari cikin kwana bakwai za ki sauke abinci mai lafiya, iyali su ci, yaron kuma yana nan da yatsunsa goma cif. Da kaina na gwada.

Ga yadda abin ya samo asali. Ina zaune wurin ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, a bene hawa na uku. Likita ya ce jininsa ya hau, a raba shi da gishiri, a rage masa mai. Matarsa nas ce, tun sassafe take fita. Ta durƙusa gabana ta ce, "Inna, ko dai mu kai yaron gidan raino mu riƙa sayen abinci wurin mai dafawa da awo, ko ki gwada mana sati guda. Girki sabo kullum, ganye da yawa, babu gishiri. Shi ma yaron a riƙa sa shi a ciki, ko ya saba da cin ganye."

Yaron nan jikana ne, Maigida nake ce masa. Duk gidan shi kaɗai ke sauraron maganata har ƙarshe. In aka kai shi raino, da bango zan riƙa hira daga safe har la'asar. Na ce na karɓa.

Ta kuma roƙe ni in rage karin magana, wai tana hawar mata da nata jinin. Don haka ba za ki ji ko ɗaya a nan ba, ko da yake akwai wajen goma sha biyu tsaye a maƙogwarona.

Mataki na ɗaya: Ki san abokin aikinki

Kada ki raina shi don tsawonsa bai wuce ƙafar tebur ba. Maigida kalma uku ya iya: "Kaka", "a'a", da "ƙara". Da ukun nan yake mulkin gida. In ya ga ruwa, ƙara. In kika goya shi kika sauke, ƙara. In ya faɗi daga kujera ya yi kuka ya gama, ƙara. Ki riƙe kalmar nan ta uku da kyau, za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: Takardar jikin firji

Surukarki za ta manna takarda a ƙofar firji: ranar kaza kifi da karas, ranar kaza shinkafa da koren wake, mai cokali biyu. Cokali biyu. Ni da na yi shekara arba'in ina auna mai da ido har sai ya gaishe ni daga cikin tukunya.

Kada ki yi musu. Ki tsaya gaban takardar ki gyara tabarau ki ce, "To, madalla." Musu da nas ɓata yawu ne, ita tana da allura. In Allah ya taimake ki yaron zai yage rabin takardar kafin azahar, abin da ya rage sai ki cike da hankalinki.

Mataki na uku: Ki ba shi aiki kafin ya ba ki

Wannan shi ne gishirin maganar, in har an yarda a ambaci gishiri. Yaron da ba a ba shi aiki a kicin ba, shi zai nemo wa kansa. Rana ta farko na ce ya zauna ya yi kallo. Kafin in gama fere dankali uku ya zuba mini ɗanyar shinkafa cikin takalmin ubansa, ya sa ludayi a bokitin shara, ya kuma buɗe firji ya zauna a bakinsa yana shan iska kamar ya biya kuɗin wuta.

Rana ta biyu na shimfiɗa tsumma a ƙasa, na ba shi roba da ruwa rabi da karas huɗu. Na ce, "Maigida, yi musu wanka." Ya yi musu wanka. Ya yi wa kansa, ya yi wa bango, ya yi wa ƙafata. Amma ya zauna wuri ɗaya har na yanka albasa na soya tumatir.

Ki ba shi karas huɗu in uku kike bukata. Ɗaya ladan ma'aikaci ne. Za ki same shi an gatsa masa kai, ko ki same shi bayan kwana biyu a ƙarƙashin kujera. Ganyen kabeji kuwa ki bar shi ya yayyaga da hannu. Abin da zai yi wa littafin ubansa ne, gara ya yi wa kabeji.

Mataki na huɗu: Wuƙa da wuta

Nan babu wasa. Wuƙa a can sama, mariƙin tukunya ya kalli bango, shi kuma ki ja masa layi da tsintsiya a ƙasa ki ce nan ne iyakar mulkinsa. Zai ce a'a. Ki ce i. Zai ce a'a. Ki ci gaba har ɗayanku ya gaji, kuma kada ya zama ke.

Mataki na biyar: Abin da ba a rubuta a takarda ba

Yanzu duba bayanki, ko akwai mai jin mu.

Ranar farko na ɗanɗana romon kifin nan babu gishiri, na ji kamar na lashi hawayen marar lafiya. Ƙarya ma nake, hawaye da gishirinsa. Na ce ɗan da na haifa ba zai dawo daga aiki ya sha ruwan zafi mai launi ba. Surukata ta ɗauke gwangwanin gishiri ta kai saman kabad inda sai da kujera, amma ta manta cewa tsohuwa tana da zani. Na hau kujera sau ɗaya, na ɗebi abin da zai isa sati, na ƙulle a haɓar zanina.

To ki yi haka. In tukunya ta tafasa, ki juya baya, ki kwance, ki barbaɗa, ki ƙulle. Kada ki damu da yaron da ke tsaye yana kallonki. Me ya sani? Zai ɗaga kai ya ce, "Kaka, ƙara." Ni dariya ma nake yi in ce, "Ka ji mai gida da ya san daɗi," in ƙara ɗan kaɗan don girmama shi. Kullum haka. Har ya zama in tukunya ta fara tururi shi ke zuwa ya ja mini zani.

Mataki na shida: Karɓar yabo

Da yamma suna cikin ci sai ɗanki ya ce, "Ashe abinci babu gishiri yana daɗi haka?" Ki sunkuyar da kai ki ce, "Hannu ne." Kada ki ƙara ko kalma. Surukata ta dube ni ta dubi farantin ta ce, "Lallai hannu ne, Inna." Ban so yadda ta faɗe shi ba, amma na bar shi a matsayin yabo.

Abin da ya fi ba ta mamaki Maigida ne. Yaron da ake bi da cokali ɗaki ɗaki, ga shi yana tsince karas daga faranti yana ci, don shi ya yi musu wanka, ya san su.

Mataki na bakwai: Ranar hukunci

Rana ta bakwai na yi shinkafa da kifi da ganye kala uku. Aka zauna. Ni na riga na ci gwaji a raina, har ina tunanin wace karin magana zan fara saki in an ɗage mini doka.

Maigida ya ga tururi yana tashi daga farantin ubansa. Ya sauko daga kujerarsa, ya tako har gabana, ya kama haɓar zanina ya ce, "Kaka, ƙara."

Na ce, "Je ka ci abincinka."

"Ƙara."

Uwarsa ta ce, "Me za a ƙara, Babana?"

Ya ja. Ƙullin da ya yi sati yana kallon yadda ake kwance shi, ya kwance. Gishiri ya zubo a kan tayil, fari fat, gaban kowa. Shi kuma ya tsuguna ya tsinta da yatsu biyu, ya je ya barbaɗa a farantin ubansa, ya juya baya tukuna, yadda ya ga ana yi.

Sati guda ina jin yaron nan yana cewa ƙara, ban taɓa kawowa ƙarata zai kai ba.

Ɗana ya ajiye cokali. Surukata ta tashi ta ɗauko na'urar awon jini ta ɗaura masa a hannu. Ban iya karanta lambobin nan ba, amma na iya karanta fuska. Tata ta canza.

Ta ce, "Inna, ya fi na makon jiya."

Na ce, "Ɗan kaɗan nake sawa."

Ta ce, "Na sani. Tun rana ta uku na ga sawun ƙafa a kan kujera. Ina jira ne ki faɗa da kanki."

A nan, 'yar'uwa, babu matakin da zan koya miki. Na dubi ɗan da na goya, da abin nan a ɗaure a damtsensa, na ga da hannuna nake ƙara masa. Na ce, "A kai yaron raino. Na faɗi." Maigida yana jingine da gwiwata yana lasar yatsa.

Surukata ta ce, "A raino wa zai sa shi cin karas? Yana nan wurinki. Amma daga gobe shi ne mai bincike."

Mataki na takwas: Rayuwa ƙarƙashin bincike

Yanzu kowace safiya kafin ta fita sai ta ce, "Je ka duba Kaka." Ya zo ya lalube haɓar zanina, dama da hagu, har ɗankwali. Ni da na aurar da 'ya'ya bakwai.

Ki koyi abin da na koya dole. Ki soya albasa a hankali har ta yi ja, ki daka tafarnuwa da citta, ki matsa lemon tsami bayan kin sauke. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya kai gishiri ba. Sati biyu muna ci kamar masu zaman makoki. A na uku awon ya fara sauka. Shekaranjiya kuwa ɗana ya share farantinsa, ya miƙo mini shi ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Inna, ƙara."

Na duba fuskarsa ko tsokana ce. Yunwa ce.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta bi ne da ƙafarta. Ba ni da alhakin shinkafa a takalmi, ko karas a ƙarƙashin kujera, ko ƙugun da ya goce wurin hawa kabad. Mataki na biyar kuwa na rubuta shi ne don ki tsallake, in kika taka shi ke da surukarki. Kada wata ta tashi ta ce za ta kai ƙarata. An riga ta, kuma wanda ya riga ta ko shekara uku bai cika ba.