Yadda Ake Neman Auren 'Yar Mazaɓar Da Aka Soke

Ya kai abokin fama da ciwon so, share hawayenka ka gyara zama. Idan zuciyarka ta faɗa hannun 'yar Ambrose ta Arewa, mazaɓar nan tamu ta bayan layin dogo a birnin Winnipeg, wadda aka goge daga taswira tun kana rarrafe, to ka zo inda ya dace. Na karanta littattafan soyayya masu kaurin bulo, na jiƙa na Rasha da hawaye, na jiƙa na Faransa, babu ɗaya da ya taɓo wannan matsala. Ni kuwa da ƙafata na shige ta. Bi matakan nan bakwai, na lamunce maka nasara da gagarumin rinjaye.

Mataki na 1: Kada bakinka ya ce an soke ta

Ranar da za ta kai ka gaida mahaifinta, zai tambaye ka daga ina kake. Mazaɓa yake nufi, ba unguwa ba. Tawa masoyiyar Orysia ce, mahaifinta Mista Dubyk, tsohon makanikin jirgin ƙasa. Wani saurayi da ya riga ni zuwa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ai na ji an soke Ambrose."

Tsohon ya ajiye cokali. "An soke? To ni a ina nake zaune, samari, a sararin sama?"

Har yau ba a sake zuba wa yaron nan miya a titin ba. Kai dai ka ce mazaɓar tana hutu.

Mataki na 2: Haddace tarihin zaɓenta

Za a yi maka jarrabawa, kuma da abinci a bakinka.

Ɗan majalisa na farko Onufry Balan ne, mai aski. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka tura shi majalisa a Ottawa, babban birnin ƙasar, domin ya roƙi ƙuri'unsu aska tana kan maƙogwaronsu. Ya shekara goma sha a majalisa, sau ɗaya ya yi magana: ya nemi a rufe taga. Idan ka zo nan ka sunkuyar da kai, dattawa suna ɗaukar Jawabin Taga da girma.

Bayansa sai Madam Eulalie Roque mai gidan burodi, wadda ta ci zaɓen shekarar ambaliya saboda ita kaɗai ce 'yar takara mai kwalekwale. Sai wani likitan haƙori da ya ci sau uku, amma har gobe ba a sami mutum ɗaya da ya amsa cewa shi ya zaɓe shi ba. Kada ka tona.

Sai Mista Dubyk. Ya tsaya sau biyar, ya sha kaye sau biyar, kowane karo tazarar tana raguwa. A na ƙarshe, ƙuri'un da suka raba shi da kujera ba su fi cikin bas ɗaya ba, bas ɗin kuwa tana can ta maƙale a dusar ƙanƙara, magoya bayansa suna ta waƙa a ciki har aka rufe rumfa. Yana shirin na shida masu shata iyakoki suka yanka mazaɓar gida uku kamar tsiran nama. Layin ya bi ta lungun bayan gidansa: gidan yana wata mazaɓa, garejin yana wata. Duk ranar da ɗan majalisar gidan ya ba shi haushi, sai ya ɗauki kofinsa ya koma gareji.

Ka yi kuka a nan. Ni ban ma yi niyya ba, zuwa ya yi.

Mataki na 3: Karɓi takara

Da ka furta maganar aure, zai ce maka a Ambrose ba a taɓa shiga kujera ba hamayya ba, abin kunya ne. Dangi za su kaɗa ƙuri'a. Abokin karawarka kuwa shi ne da kansa.

"Idan ka ci, ka nemo zobe," ya ce mini. "Idan na ci, ka dawo zaɓe mai zuwa, bayan shekara huɗu."

Orysia ta ɗago. "Baba, ni fa?"

"Kina da ƙuri'a ɗaya kamar kowa, 'yata. Ƙasar nan ta dimokuraɗiyya ce."

"Ɗaya," ta ce. "Madalla."

Masana sun tabbatar da cewa idan mace ta ce madalla tana kallon bango, ta gamsu ke nan. Wuce gaba.

Mataki na 4: Kafa alluna, ƙwanƙwasa ƙofofi

Ba a kamfe sai da allo mai sunanka a ƙofar kowane gida. Ƙasa ta daskare, don haka ka yi yawo da butar ruwan zafi, ka zuba, ka soka, ka riƙe har ya kame. Idan safar hannunka ta kame tare da shi, bar ta nan, alama ce ta sadaukarwa.

Kowace gwaggo za ta cika maka faranti da firogi, 'yan ƙullin fulawar nan masu dankali a ciki, ta tsaya a kanka sai ka cinye. Sannan ta tambaya, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, nawa ko na Stefania, wanne ya fi daɗi?"

Gwaggo Stefania ita ce baturiyar zaɓe. Ka haɗiye, ka dafa ƙirji, ka ce, "Gwaggo, wannan batu ne da zan kafa wa kwamiti."

Mataki na 5: Kada ka ɓata lokaci a kan tabbatacciyar ƙuri'a

Wannan ita ce ƙa'idar da kowane yaron kamfe a Ambrose ya tashi da ita, kuma abokin hamayyarka da kansa zai koya maka ita, don mutumin kirki ne. Wanda ya riga ya zama naka ba a zuwa ƙofarsa. Ƙafarka ta waɗanda ba su yanke shawara ba ce.

To wa ya kai Orysia zama taka? Gidan da take haya a saman shagon littattafai, tsallake shi. Idan ta ce ku je ku yi sulu a kan daskararren kogi, ka ce kana da ganawa da Kawu Taras, wanda bai yanke shawara a kan komai ba tun da aka soke mazaɓar. Za ta kira ka a waya, kamar yadda ta kira ni.

"Florian, kana raye kuwa?"

"Hasken idona, ina fafutuka ne dominki. Ke ai ƙuri'arki tana aljihuna."

"A aljihunka."

"Kusa da zuciya."

Idan ta kashe wayar, shauƙi ne ya hana ta magana. Aika mata takardar kamfe irin ta kowa, don kada a ce ka nuna bambanci.

Mataki na 6: Ranar zaɓe

Ranar Lahadi ce bayan an tashi daga coci, a ɗakin taron da ke ƙarƙashin cocin. Ka yi jigilar tsofaffi da motarka, har waɗanda suka rantse ba za su zaɓe ka ba, haka al'ada take. Akwatin zaɓe babbar tukunyar miya ce da aka huda murfinta. Gwaggo Stefania za ta ƙirga a gaban kowa, tana lasar yatsa.

Za ka cinye duka. Har Mista Dubyk kai zai zaɓa, domin shekara da shekaru yana gyara jawabin amsa shan kaye na shida, bai sami wurin karanta shi ba. Zai hau kujera, ya gode wa Ambrose titi-titi, ya gode wa bas ɗin nan, ya rungume ka ya ce, "Ɗana, ba a taɓa kayar da ni da kyau haka ba." Wallahi duk karatuna ban ci karo da shafi mai daɗin wannan ba.

Sai Gwaggo Stefania ta ɗaga wata farar takarda. "Saura ɗaya ba a kaɗa ba. Ta waye?"

"Tawa ce, Gwaggo," in ji Orysia, tana ɓalla maɓallan rigar sanyinta. "Babu ɗan takarar da ya zo ƙofata, ban san manufofinsu ba. Kuma Baba, na sake shata iyaka. Daga ƙofar ɗakina zuwa ƙasan matakala mazaɓa ce mai zaman kanta. Mai zaɓe ɗaya."

Tsohon ya nemi wuri ya zauna. Ya san ba a jayayya da masu shata iyaka.

Zoben yana aljihunka, dangi suna tafi, ita kuwa ta fice.

Mataki na 7: Hau matakalar

Kada ka ɗauki allo, kada ka ɗauki buta. Ƙwanƙwasa. Za ta buɗe kaɗan, sarƙa tana maƙale.

"Wace jam'iyya?"

"Ba ni da kowa."

"Me za ka yi wa mazaɓar nan?"

A nan duk abin da ka taɓa karantawa zai tsere ya bar ka da hanci mai yoyo. Faɗi abin da ya rage. Ni cewa na yi, "Zan zo gobe. Da jibi."

"Haka duk kuke cewa."

Ta dube ni, ta dubi hannuna guda da ba safa, ta zare sarƙar. "Shigo ka sha shayi kafin yatsun nan su zube. Amma ka sa ni cikin waɗanda ba su yanke shawara ba. Na lura su ake ziyarta."

Sanarwa

Marubucin nan ya wanke hannunsa daga duk abin da zai biyo baya: daskarewar kunne, matsewar wando, da tsohon da zai riƙa kiran ka kowace safiya don ya sake amsa shan kaye. Ba shi da ikon sa ranar zaɓe a sabuwar mazaɓa, domin mai zaɓen ita ce baturiyar zaɓe, ita ce kotun ɗaukaka ƙara, kuma ta ce ba ta gaggawa. Mai ƙorafi ya kai wa Ottawa. Kada dai ya neme ni da yamma, ina wurin kamfe.