Beben da Na Warkar a Dakoro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi aikina na farko a Dakoro ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Zamanin mulkin Anasara ne, ni kuma dawowata ke nan daga Dakar da takarda mai hatimi, wai na ƙware a gyaran magana: masu i'ina, yaran da bakinsu ya ƙi buɗewa, da waɗanda ciwo ya karkace wa harshe. Na iso da farar riga, da madubi, da cokali, da kyandir, da girman kai wanda ya fi ƙarfin hulata (har gashin baki na tara, don in yi kama da malaminmu).

Sai dai babu wanda ya zo. Mutanen gari cewa suke, "Likitan magana? Mu da magana ta yi wa yawa fa, mi za ya ba mu?" Ina nan ina korar ƙuda, sai ga saƙo: babban likita, wani Anasara, zai zo daga Maradi ran kasuwa ya duba aikina. In bai tarar da majiyyaci ba, za a rufe ɗakina a mayar da ni dafa allurai. Ni da na riga na cika Ɗan Gulbi, garinmu, da labarin na zama babban mutum!

Ran kasuwa Anasara ya zo ya zauna yana zuƙar taba a lofe, ni kuwa ko majiyyaci ɗaya ba ni da shi. Can Allah Ya jefo wani dattijo Bafulatani, da wani dogon matashi a bayansa. Wata mata riƙe da yarinya ta tsaya a bakin ƙofa, ban ko dube ta ba.

Dattijon ya ce, "An ce nan ake maganin rashin magana."

Na ce, "Nan ne, Baba, ku shigo!"

Na tambayi matashin sunansa, ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya da gurgun Fulatancina, shiru. Wallahi na ji daɗi kamar in yi guɗa. Ga bebe har gida, ba nema ba wahala.

Na zaunar da shi, na danna masa cokali a baki, na jawo harshensa na leƙa. Na sa ya hura kyandir. Na kafa masa madubi a fuska ina cewa, "Ka ce baa! Baaa!" har 'yan kasuwa suka taru a taga don su ga ragon da ke kuka a ɗakin likita. Tsakani kuma ina juyawa ina zuba wa Anasara bayani da Faransanci kan jijiyoyin harshe, yana gyaɗa kai. Matashin kuwa, bawan Allah, sai gumi yake, idonsa a ƙasa, duk abin da na sa shi ya yi, ban da magana.

Da abin ya yi tsawo, dattijon ya ce bari ya leƙa bijimin da ya kawo sayarwa. Fitarsa ke da wuya, bebena ya miƙe tsaye.

"Likita, kai ba ka da surukai? Wanga dattijo uban matata ne! Ƙaƙa za ni buɗa baki gabanshi? Yarinyar can muka kawo, an daɗe da yaye ta, har yau ba ta ce 'inna' ba. Kai ko ka kama mani halshe kamar mai sayen akuya!"

Taga ta fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na tashi ina ganin babana yana sauya hanya in ya hango kakana na wajen uwa, ashe Dakar ta wanke mini wannan daga kai, ta bar mini sunayen jijiyoyi.

Anasara kuwa, da ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Hausa, abin da ya gani shi ne bebe ya shigo, ga shi yanzu yana zuba kamar maroƙi. Ya zabura ya kama hannuna yana girgizawa. Ya ce, "Me yake cewa?"

Na amsa masa da Faransanci na ce, "Godiya yake yi, Mushe."

Ya shiga motarsa ya tafi yana yabona, ɗakina ya tsira. Da dattijon ya dawo, na ce, "Haba Baba, ka bar ni ina wahal da mutum ba ka ce komai ba?" Ya ce, "To yaro, na aza haka maganin Anasara yake, sai an fara da uba."

Yarinyar ce ta zama majiyyaciyata ta gaskiya, kuma sai da damina ta zagayo kafin na ji kalma daga bakinta. Babu wanda ya zo daga Maradi ya tafa mini a kan wannan. Tun daga nan, kafin in tambayi mutum me ya hana shi magana, sai na fara duba wa ke zaune kusa da shi. In kuma aka yabe ni, nakan bincika ko mai yabon yana jin Hausa.