Rasuwar Askar Metodija, Wanzamin Bitola

Da zuciya cike da baƙin ciki, ga kuma ƙyama a kai, Metodija Ristevski, wanzamin tsohuwar kasuwar Bitola, yana sanar da rasuwar askarsa, wadda ta cika ranar Talata bayan shekara saba'in da ɗaya a bakin aiki.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce. Ƙotarta ta ƙashi ta dafe kamar haƙorin mashayin taba, ta tsage a gindi. Bakinta ya sirance saboda yawan wasawa. A wuyanta akwai ɗan gurbi, inda babban yatsan mahaifin Metodija ya yi shekara arba'in yana cin ƙarfen. Da uban ya rasu, ɗan ya ɗora nasa yatsan a wurin, ya zauna daram. Ta aske angwaye, ta aske gawawwaki. Mutum ɗaya ta taɓa yanka, shi ma surutunsa ne ya ja masa. Maganarta ɗaya ce a kan fatar washi, inda ake wasa bakinta: shaf, shaf.

Ba ta yi jinya ba. Goce, mijin 'yar Metodija, shi ya ɗauke ta a ɓoye, wai zai burge surukinsa. Ya kai ta injin goge ƙarfe, aka jefar da ƙashin, aka ƙwaƙuba mata jar ƙotar roba. Ya miƙo ta ana tsakiyar cin abinci, tsakanin gasasshen barkono da cuku.

"Baba, dubi walƙiya! Sabuwa fil."

"Ina wurin yatsan?"

"Wannan ramin? Ai shi ya fi ba mu wahalar shafewa."

Metodija ya karɓa, yatsansa ya zame kamar a bayan ɗanyen kifi. Ya ajiye ta, ya tashi ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Bai koma teburin ba.

Ta rasu ta bar fatar washi a rataye, da burushi mai sanƙo, da tsofaffi tara waɗanda ba su yarda wani ƙarfe ya kusanci maƙogwaronsu ba.

Za a binne ta ranar Asabar da ƙarfe goma, a gindin ɓauren bayan shago, naɗe cikin tsohon tawul don kada kowa ya ga abin da aka yi mata. Akwai kofi, babu sukari. Shago zai kasance a rufe kwana arba'in, Metodija zai bar gemu kamar yadda ake yi a garin idan ɗan'uwa ya rasu. Goce ya aiko yana tambaya ko ya zo da furanni. An ce ya kawo na roba, su ya fi ganewa.