Ranar da Na Warkar da Hawan Jinin Abla

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman aiki wani ƙaramin asibiti a unguwar Aziziyya da ke nan Makka ba. Wata bakwai ke nan da gama karatun jinya, ina zaune a gidanmu a unguwar Rusaifa. Na tura takardu har na gaji, ko'ina sai a ce mai gogewa ake so. (A ina zan goge, a kicin ɗin Ummi?) Amma fa a unguwa ba mai kirana da sunana, Daktora ce. Ina da na'urar awon jini mai batir, wadda za ka danna maɓalli ta yi komai da kanta, tsofaffin layinmu kuwa kullum suna falonmu hannu a miƙe. Ni kuma in ɗaure fuska, in hana su gishiri, in hana su kitse, kaina na ta kumbura.

Ummi ce ta samo hanyar. Ƙawarta ta ƙuruciya, Abla Rukayya, ita ce shugabar nas-nas a asibitin, kuma suna neman mai jin Hausa kafin alhazai su fara sauka. Gurbi ɗaya tak, mu shida muka zo. Tun kafin in shiga tasi Ummi ta gama shaida wa dangi, har na unguwar Shisha, cewa Daktora ta samu aiki.

Abla ko kallon takarduna ba ta yi ba. Ta tambayi lafiyar Ummi, sannan ta naɗe hannun riga, ta turo min tsohon abin awo irin na matsawa da hannu, da samma'a, abin nan da ake sawa a kunne. Ta ce in gwada ta. Rabona da irinsa tun ina shekara ta biyu a makaranta, lokacin ma ƙawata ke gwadawa, ni aikina rubutawa.

Na ɗaura, na matsa, na saki iska a hankali. Shiru. Wallahi ko ƙis ban ji ba. Na sake matsawa har baiwar Allah ta yamutsa fuska, nan ma shiru. Ashe kan samma'ar ne a juye, murɗawa ɗaya zan yi masa ya buɗe. Amma ina, Daktora guda ta buɗe baki ta ce ba ta ji ba? Sai na zare abin daga kunne da yanga, na yi fuskar nan tawa ta falo, na ce ɗari da ashirin bisa tamanin, lafiya ƙalau.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana.

"Masha Allah. Shekara goma sha biyar ina fama da hawan jini, yau ko maganin safe ban sha ba. Ashe ke nake jira ki zo ki warkar da ni."

Nas biyu da ke ɗakin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Abla ta miƙo hannu ta murɗa kan samma'ar, ta ce in sake. Sai ga bugu kamar ana dukan ƙofa, jinin ya haura ɗari da sittin.

"'Yata, da kin ce ba ki ji ba, da na koya miki, na ɗauke ki. Amma tsohon alhaji ya sha rana a Mina, ki ce masa lafiya ƙalau, ya tafi ya faɗi a hanya?"

Aikin dai wata ce ta samu. An ce ita ma ba ta ji komai ba, sai dai ita ta faɗa.

Abla ta rufa min asiri. Ni ce da bakina na gaya wa Ummi ina kuka, ita kuma ta gaya wa mutum ɗaya kacal, a asirce. (Kun dai san sauran.) Washegari tsofaffin layinmu suka cika falo, kowacce wai ta zo a warkar da ita irin ta Abla. Na yi dariya tare da su, amma abin ya ci min rai, domin su ma da bakina suka dogara duk watannin nan.

Na sayi abin awo na matsawa, na yi ta koyo a hannun Baba har ya fara ɓuya in ya hango ni. Har yau ina jiran aiki. Sai dai yanzu in ban ji ba, kafin a tambaye ni ma na ce ban ji ba.