Tsallen Da Na Yi A Benci

Ba zan taɓa mantawa da kakar ƙwallon da muka buga a shekarata ta uku a Alƙahira ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ba a fara yawo da waya mai kyamara ba (Allah na gode maka). Mu ɗaliban Hausawa na kwalejinmu muna da ƙungiya mai shiga gasar ɗaliban Afirka, a wani fili da ke bayan unguwar Hay el-Sabi'. Ni ne mai lamba tara. Ba yabon kai ba, idan na sa rigar nan har tafiyata canzawa take yi.

Sai ga Laminu ya iso daga Maraɗi, aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Siriri, shiru-shiru, kamar iska za ta ɗauke shi. Ni da kaina na ja shi fili don ya ga yadda ake wasa. Ya ari takalmi ya shiga atisaye, ya yi ta zura ƙwallo har mai tsaron gidanmu ya zauna a ƙasa yana dariya. Kocinmu Malam Bashir, wanda muke kira Kaftin kamar yadda Misirawa ke kiran kowane koci, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, akhi, ka yi haƙuri, ba shi rigar, ka huta wasa ɗaya." Wasa ɗayan nan shi ya kai mu har ƙarshen kaka.

Jama'a, na yi hassada. Ba zan saka mata wani suna ba. Mai sayar da koshari a layinmu, wato dafa-dukan Misirawa, ya fara ƙara masa soyayyar albasa yana kiransa gwarzo, ni kuwa ko sannu. Laminu ya wanke rigata (eh, har yau tawa nake ce mata) ya shanya a baranda daidai saitin gadona. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin kirki ne. Shi zai dafa mini shayi, shi zai tashe ni asuba, ya ce, "Ɗan'uwa, ka koya mini bugun kai mana." Ina neman laifinsa kamar mai neman allura a rairayi. Har addu'a na yi, amma wallahi ban roƙa masa karaya ba. 'Yar targaɗe dai, ta mako biyu.

Muka yi ta cin wasa har muka kai na ƙarshe da ɗaliban Senegal. Fili ya cika, har Hausawan Sudan sun rufe shaguna sun zo. Burina ɗaya ne: in shiga, ko na ɗan lokaci, in nuna wa Kaftin ya yi kuskure. To, al'adarmu ce idan muka ci ƙwallo duk 'yan benci mu yi tsalle, mu yi hamdala, mu faɗi sujada. Mun yi ta yi duk kakar har jiki ya saba.

Ana dab da tashi, babu ci, aka ba mu fanareti. Laminu ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya buga. Ta bi ta saman raga ta nufi benayen mutane.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na daka tsalle, hannuwa sama, na kwarma, "Alhamdulillahi!" Gwiwoyina har sun kai ƙasa kafin in lura ni kaɗai ne. A ɓangarenmu kowa hannu a ka, idanu a kaina. Wani ɗan Senegal daga bencinsu ya ɗaga mini babban yatsa.

Na karkaɗe gwiwa, na yi fuskar malamai, na ce, "Ai alhamdulillahi ala kulli halin nake nufi. Mumini yana godiya a kowane hali."

Kaftin ya dube ni sama da ƙasa. "Mai cewa ala kulli halin ba ya tsalle, ya ustaz." Sannan ya ce, "Yanzu na gaya wa alƙalin wasa zan sa ka ku taya juna da Laminu a gaba. Khalas, shi ke nan, koma ka zauna." Ya juya ya kira Nura, ɗan baya da bai taɓa cin ƙwallo ba ko a mafarki: "Yalla, shiga!"

An ci mu ɗaya, kofi ya tafi. A motar komawa babu wanda ya zauna kusa da ni sai Laminu, idanunsa jajir. Ya ce, "Ka yafe mini, ɗan'uwa, na kunyata ku." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban ƙara buga wa ƙungiyar wasa ba. Yau ina da furfura da 'ya'ya, amma duk wanda muka yi Masar tare, idan ya hango ni a ɗaurin aure, sai ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Ala kulli halin!" Na koyi darasi: idan hassada ta kama ka kuma ka kasa korar ta, to ka yi ta a zaune, baki a rufe.