Rasuwar Kwamfuta Mai Ƙaramar Loma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, ni Shekari na Makera nake sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutata, wadda muka tsufa tare muna gyaran kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci.

Marigayiyar ba ta da haɗama. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, baiti talatin da biyu na bayanai take ɗebowa a loma guda zuwa ɗan rumbunta na kusa, alhali na zamani sittin da huɗu suke haɗiya. Idan aka ba ta saitin zamani, sai ta riƙa cakuɗa bayanai cikin ladabi. Don haka na rubuta 'yan layuka da ke gaya wa kanel girman lomarta. Su kaɗai ne wurin da sunana ya shiga aikin duniya. Digirina bai kai ni ko Abuja ba.

A bana masu kula da kanel suka rubuto cewa za su share layukan, sai in akwai na'ura mai rai da ke buƙatarsu. A iya saninmu ita kaɗai ta rage. Na sa ta haɗa sabon kanel don ta ba da shaida da kanta. Tana cikin aikin, fankarta na "hurrr, ƙat-ƙat" kamar kullum, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Sitabilaiza mai daidaita wuta kuwa yana jikin firjin kifin da mai ɗakina Tracy ke sayarwa, bisa yarjejeniyar zaman lafiya da ni kaina na amince da ita. Kwamfutar ta ce "tas" sau ɗaya, ta yi shiru. Kifin yana nan lafiya.

Ta rasu ta bar allon madannai marar harafi biyu, da linzamin kwamfuta da ke ji sai an buga shi, da ni.

Kelechi mai gyara a Kakuri zai cire abin da ke ciruwa ranar Asabar. Daga nan 'yan gwangwan na Gonin Gora za su ɗora sauran a sikeli. Ba a buƙatar taro, kuma kada kowa ya zo min da nasihar sayen sabuwa.

Layukan kuma Litinin za a binne su. Masu kula da kanel sun yi ta'aziyya, sannan suka roƙe ni in aiko da gyaran da zai share su, tunda babu wanda ya san wurin kamar ni. Na ce to. A wayar Tracy zan tura.